Yaro ya kamu da ciwo ko ya ji rauni a gidan reno: me ke wuyanki, me ba ya wuyanki?

Tambaya: "Ni ce ke kula da wani gidan renon yara. Muna da yara 24, daga ɗan wata shida zuwa ɗan shekara huɗu, mu huɗu ne masu reno. Wata biyu ke nan kusan kullum sai an sami mai zazzaɓi ko mai gudawa, makon jiya kuma wani ya faɗo daga kan kujera goshinsa ya kumbura. In na kira iyaye wasu su ji haushi, in ban kira ba wasu su ji haushi. Yaushe zan mayar da yaro gida, yaushe zan garzaya da shi asibiti, kuma zan iya ba yaro magani da kaina?"

Malama, sannu da fama. Na daɗe ina aikin jinya a sashen yara, kuma nakan horar da masu reno kan taimakon gaggawa, don haka wannan tambayar ba baƙuwa ba ce a wurina. Bari in fara kwantar miki da hankali kan yawan ciwon da kike gani. Ƙaramin yaro mai ƙoshin lafiya yakan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, wanda ya fara cuɗanya da sauran yara kuwa yakan wuce haka a shekararsa ta farko. Ki lissafa wannan sau 24, za ki ga ranar da babu mai yoyon hanci a gidanki ita ce abin mamaki. Yawan mura ba shaida ba ce cewa wurinki ba shi da tsabta. Gudawa ce in ta riƙa zagayawa daga yaro zuwa yaro za ta sa in tambaye ki yadda ake canza kunzugu, kuma zan zo kanta.

Ke ba likita ba ce, kuma babu wanda ya isa ya nemi ki zama likita. Gano sunan ciwo ba ya wuyanki. Abin da ke wuyanki shi ne ki gane yaron da ba zai iya jiran lokacin tashi ba, ki san abin yi a minti goman farko, sannan ki faɗi gaskiyar abin da ya faru ba ragi. Yawancin yaran da na ga an kawo mana a makare, an lura da su tun da wuri. Wata ta ga alamar, amma ta tsaya tana shawara da zuciyarta: kada in kira uwarsa ta ce na cika tayar da hankali. Wannan tsayuwar ita ce abin da nake so ki cire daga gidanki.

A kan zazzaɓi, ki kalli yaron kafin ki kalli ma'auni. Zafin jiki daga digiri 38 zuwa sama shi ake kira zazzaɓi, kuma ya kamata ki mallaki ma'aunin zafi na dijital, a riƙa aunawa a hammata, a daina dogara da bayan hannu. Amma lambar da ma'auni ya nuna ba ta faɗin girman ciwo. Yaron da jikinsa ya kai 39 yana shan ruwa, yana kallonki, yana ƙwace abin wasa daga hannun ɗan'uwansa, bai dame ni kamar wanda ke 38 ya yi lakwas, ba ya kuka, ba ya bin ki da ido ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ke da kike wuni da yaron nan kin fi likitan da zai gan shi na minti biyar sanin yadda yake in yana lafiya. In zuciyarki ta ce yau ba haka yake ba, ki ɗauki wannan a matsayin alama.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fito da wani tsari tun a shekarun 1990 don ma'aikatan lafiya da ke nesa da manyan asibitoci, kuma alamomin haɗarin da ke cikinsa kowace mai reno za ta iya haddace su: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, yana jijjiga, ko ya galabaita har da ƙyar ake farkar da shi. Ko ɗaya daga cikinsu kika gani, asibiti ne yanzu. A nan tsarin kira yakan juye: ki fara neman motar asibiti ko ki kama hanya, a kira iyaye ana tafiya a ce su same ku can. Kada ki zaunar da yaro irin wannan kina jiran mahaifinsa ya fito daga taro.

Ki ƙara numfashi a kan waɗannan, domin limoniya, wato ciwon huhu, na cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya, kuma sau da yawa da mura take farawa. Ki ɗaga rigar yaron lokacin da yake natse, ba yana kuka ba, ki ƙirga tashin cikinsa na minti ɗaya cur da agogo a hannu. Daga wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, ko yana gurnani, ko leɓɓansa da harshensa sun canza launi, to ƙirgan ma ba shi da amfani, ku tafi.

Akwai yaran da zazzaɓi kaɗai ya isa a gaggauta da su ko da suna wasa. Jaririn da bai kai wata uku ba, da zarar ya kai 38. Mai ciwon sikila, saboda ƙwayar cuta kan bazu a jininsa cikin sa'o'i. Haka wanda ke shan maganin da ke raunana garkuwar jiki. A yankunan da ake fama da zazzaɓin cizon sauro kuwa, ƙaramin yaro mai zazzaɓi yana buƙatar gwajin jini cikin awa 24, ba a zauna ana cewa haƙori yake fitarwa ba. Fitar haƙori yana sa ƙaiƙayin dasashi da dalala da rigima, amma ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, kuma an sha ɓoye babban ciwo a bayan wannan uzurin.

Sanƙarau ma ki sa shi a ranki. Yaro babba zai iya cewa kansa na ciwo, wuyansa ya ƙage, haske na damunsa. Jariri ba zai faɗa ba, sai dai ki ga maɗigarsa ta kumburo, kukansa ya canza, ya ƙi a taɓa shi. Wani lokaci ƙananan ɗige-ɗige kan fito a fata waɗanda ba sa dushewa in an danna su da gefen kofin gilashi. A baƙar fata suna da wuyar gani, sai ki duba tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido da cikin baki. Amma kada ki jira ɗigon, yakan zo a makare, wani lokaci ma ba ya zuwa.

Jijjigar zazzaɓi ita ce ta fi firgita masu reno, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Tana samun kimanin yara 2 zuwa 5 cikin 100, tsakanin wata shida da shekara biyar, wato daidai shekarun yaranki, don haka ki ɗauka wata rana za ki gan ta. Yaron zai sandare, idonsa ya kafe ko ya juye, gaɓoɓinsa su riƙa fizga. Abu na farko, ki dubi agogo. Ki kwantar da shi a ƙasa ta gefensa, ki janye duk abin da zai buge shi, ki sassauta masa riga. Kada a danne shi. Kada a cusa masa cokali ko yatsa ko tsumma a baki, mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin ne ke karya haƙora. Kada a ɗura masa ruwa ko magani, domin huhu zai tafi. Kada a sheƙa masa ruwan sanyi. Mafi yawanta kan tsaya da kanta kafin minti biyar, kuma ba ta barin lahani a ƙwaƙwalwa. In ta kai minti biyar, ko ta dawo, ko yaron bai farfaɗo sosai ba bayanta, gaggawa ce. In kuwa ita ce ta farko a rayuwarsa, a kai shi asibiti da zarar ta tsaya ko da ya tashi yana neman abin wasansa. Na ce ki dubi agogo ne saboda tambayar farko da za mu yi miki ita ce minti nawa ta ɗauka, kuma wadda ta firgita minti biyu kan zame mata rabin awa.

Yanzu gudawa da amai. Abin tsoro a cikinsu shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma ƙaramin yaro ba shi da ajiya mai yawa. Ki lura da kunzugun da ya daɗe a bushe, bakin da ya bushe, kuka ba hawaye, idon da ya faɗa, maɗigar da ta lotsa. Ki ajiye sacet ɗin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, a dama shi yadda aka rubuta a jikinsa, domin akwai na lita ɗaya akwai na ƙasa da haka, kuma in ya yi kauri cutarwa yake. Ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, wanda ya fi haka 100 zuwa 200, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya amayar a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Jini a kashi, ko amai kore, ko yaron da ya ƙi sha sam, wannan ya wuce hannunki.

Tunda kin ce tana yawan zagayowa, ki tsaya wata rana ki kalli wurin canza kunzugu kamar baƙuwa. Wadda ta canza wa yaro, ita ce ke haɗa madarar wani bayan minti biyu? Ana goge shimfiɗar tsakanin yaro da yaro? Ana wanke hannun yaron shi ma, ko na mai renon kaɗai? Tawul ɗaya kowa ke goge hannu da shi? Wankin hannu da sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 shi ne gaba da komai, kuma ki sani man tsabtace hannu na kwalba ba ya kashe wasu ƙwayoyin da ke kawo amai da gudawa yadda ya kamata. Safar hannu ma ba ta maye gurbin wanki. In kina da hali, ki raba aikin: mai abinci daban, mai kunzugu daban.

Batun mayar da yaro gida shi ne inda kike samun saɓani da iyaye, kuma maganinsa a rubuce yake. Ki rubuta ƙa'idar a takarda ɗaya, kowane uba ko uwa su sa hannu ranar da suka kawo yaro, tun babu wanda ransa ya ɓaci. Daga nan in kin kira, takardar ce ke magana. Kowace ƙasa tana da nata ƙa'idojin, ki nemi na hukumar lafiyar da kike ƙarƙashinta, amma ga abin da aka fi tafiya a kai. Mai amai ko gudawa ya zauna gida har awa 48 bayan na ƙarshe. Mai zazzaɓi sai ya yi awa 24 jikinsa a sanyaye ba tare da magani ba, kuma wannan "ba tare da magani ba" ki ja masa layi, domin za ki ga yaron da aka ba farasitamol da ƙarfe bakwai aka kawo shi garau, ƙarfe goma sha ɗaya ya koma wuta. Mai ƙarambau sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, galibi kwana biyar ko fiye daga fitowarsu. Mai hangum kwana biyar daga fara kumburi. Mai ƙyanda kwana huɗu bayan fitowar ƙuraje, kuma ƙyanda ba sirrin gida ba ce, a sanar da hukumar lafiya: ƙwayarta kan zauna a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka kusance shi kusan 9 za su kamu. Kina da jarirai da ba su kai shekarun allurarta ba, su ne za su fi shan wuya. Shi ya sa ganin katin rigakafi ya kamata ya zama sharaɗin karɓar yaro. In akwai mai juna biyu cikin masu renonki, ki sanar da ita da wuri duk sanda aka sami ƙarambau ko wani ciwo mai ƙuraje, ta tuntuɓi likitanta.

Sai dai kada ki wuce gona da iri. Mura mara zazzaɓi, ko tarin da ya rage bayan an warke, ba dalilin kora ba ne. Uwar da aka kira daga wurin aiki sau uku a kan yoyon hanci, ranar da kika kira ta a kan abu na gaske za ta yi jinkirin ɗauka. Tambayar da nake ba masu reno su yi wa kansu ita ce: yaron zai iya shiga cikin 'yan'uwansa ya yi abin da ake yi, ko kuwa sai an ware masa mutum guda, sauran su rasa mai kallonsu?

Magani kuwa, amsata a taƙaice: ba da ra'ayin kanki ba. Sai wanda iyaye suka kawo a kwalbarsa ta asali, da sunan yaron, da izini a rubuce mai faɗin adadi da lokaci. A auna da sirinji ko kofin da ya zo da maganin, ba da cokalin cin abinci ba, a rubuta wanda ya bayar da lokacin da ya bayar, a kuma kulle shi inda hannun yaro ba ya kai. Farasitamol da nauyin yaro ake auna shi, kuma ba a wuce sau huɗu cikin awa 24, don haka kafin ki bayar dole ki san ko an ba shi a gida da safe. Yawansa hanta yake lalatawa, a shiru. Asfirin ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 sai likita ya rubuta, saboda wani ciwo mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa da ake kira Reye. Ragowar antibayotik na wani yaro, ko maganin tari don yaro ya yi barci a huta, waɗannan ko kusa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ya fita daga wannan dokar shi ne maganin ceton rai da aka riga aka rubuta wa yaro: abin shaƙa na mai asma, da allurar adirenalin ta mai borin jini mai tsanani. Waɗannan ba a kulle su a ofis da makulli a jakar wadda ta fita. In yaron da aka san gyaɗa ko ƙwai ko madara ba sa karɓarsa ya fara kumburin leɓe ko harshe, muryarsa ta dushe, numfashi ya yi wuya, a soka allurar a gefen cinya ta waje nan take, ko ta kan wando ne, a kira motar asibiti, kada a tsayar da shi a kan ƙafafunsa. In minti biyar ta wuce babu sauƙi kuma akwai ta biyu, a ƙara.

Mu koma kan haɗurra. Wanda ya fi ba ni tsoro a gidan reno shi ne shaƙewa, domin ba ya ba da lokacin kiran kowa, kuma ba shi da ƙara. Yaron da ke tari da ƙarfi, ki bar shi ya yi tarin, kada ki bubbuge shi. Wanda ya yi shiru, ya kasa kuka, ya kasa tari, idonsa ya firfito, shi ne hanyar iskarsa ta toshe. Ɗan ƙasa da shekara ɗaya, ki kifa shi a kan damtsenki kansa ya yi ƙasa, ki tallafe haɓarsa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5, in bai fito ba ki juyo shi ki danna tsakiyar ƙirjinsa sau 5, ki yi ta maimaitawa. Wanda ya haura shekara, bugun baya 5, sannan ki zagaye shi ta baya ki matsa saman cibiyarsa ciki da sama sau 5. Ba a yi wa jariri matsin ciki. Kada ki zura yatsa kina lalube a maƙogwaro, tura abin za ki ƙara yi. In ya suma, a fara danna ƙirji da hura iska. Rabin maganin wannan a lokacin cin abinci yake: yara su ci a zaune, babba na kallonsu, duk abin da ke da siffar ƙwallo a tsaga shi a tsaye, kada a ba 'yan ƙanana gyaɗa ɗungurungum ko alawa mai tauri.

Shi kuma yaronki da ya faɗo daga kujera. Kumburin goshi, in yaron ya yi kuka nan take, ya lallasu, ya koma wasa, galibi ba komai ba ne, a ɗora tsumma mai sanyi a sa masa ido. Abin da ke canza lissafi: ya suma ko na daƙiƙa kaɗan ne, ya yi amai fiye da sau ɗaya, barci ya rinjaye shi ba a lokacinsa ba, tafiyarsa ko maganarsa ta canza, ruwa ko jini ya fito ta kunne ko hanci, ko faɗuwar ta kai kusan mita ɗaya. Jariri kuwa, musamman in kumburin a gefen kai ne ko ƙeya, likita ya duba shi ko da ya yi kamar lafiya lau. Ba laifi yaro ya yi barcinsa na rana bayan ya buge kai, amma a riƙa leƙa shi a tabbatar yana motsawa in an taɓa shi.

Kuma kowane bugun kai sai an faɗa wa iyaye, komai ƙanƙantarsa. Na taɓa karɓar wata yarinya da dare tana ta amai, muka kama binciken ciki, sai da nake shafa kanta na ji kumburi a ƙarƙashin gashi. Iyayen ba su san komai ba. Washegari aka gano ta faɗo daga kan tebur a wurin reno tun da hantsi, mai renon ta ji tsoron a kore ta, ta gyara mata gashi ta yi shiru. Yarinyar ta warke, amma mun ɓata sa'o'i muna neman ciwo inda babu shi. Ban ɗora laifin duka a kan mai renon ba. Wurin da ma'aikaciya ta san in ta faɗi gaskiya albashinta zai taɓu, ɓoyewa za ta koya. Wannan ke ce za ki gyara shi a matsayinki na shugaba: wadda ta kawo rahoton faɗuwa a gode mata, wadda ta ɓoye ita ce mai laifi.

Ƙuna: ruwan famfo mai ɗan sanyi yana zuba a kai na minti 20 cikakku, ko da yaron na ihu, sauran jikinsa kuma a lulluɓe kada sanyi ya kama shi. Ba ƙanƙara, ba mai, ba man goge baki, ba ƙwai. A cire tufafin da bai manne ba, kada a fasa ƙurjin da ya ɗuri ruwa, a rufe da ledar naɗe abinci mai tsabta sako-sako. Ƙunar fuska, hannu, al'aura, ko wadda ta fi tafin hannun yaron girma, ko kowace iri a jikin jariri, ta asibiti ce. Kofin abin sha mai zafi na mai reno na cikin manyan sanadin wannan, don haka a hana shigarsa ɗakin yara kwata-kwata.

Abin da yaro ya haɗiya: in magani ne ko kananzir ko ruwan wanke-wanke, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai, a ɗauki kwalbar a tafi da ita. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, irin na agogo da abin wasa mai kiɗa, in ya maƙale a hanyar abinci yana iya ƙona ta cikin awa biyu alhali yaron na yawonsa. Zato ma ya isa a tafi. Haka ƙananan maganaɗisu in sun wuce ɗaya, sukan manne ta jikin hanji su huda shi. Ruwa kuwa, bokitin da aka bari da ragowar ruwan goge-goge ya isa ya kashe ɗan shekara ɗaya, domin kansa na da nauyi in aka kwatanta da jikinsa, in ya kifa ba ya iya tasowa, kuma ba za ki ji komai ba. A zubar da zarar an gama. Jariran da ke barci a kwantar da su rigingine, a shimfiɗa mai tauri, babu filo babu tarin barguna.

Sauran ƙananan abubuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Yanka, a wanke da ruwa mai tsabta a danne har jini ya tsaya. Haɓo, yaro ya sunkuyo gaba, ba baya ba, a matse tattausan hancin minti goma ba sakewa. Haƙorin yarinta in ya fita ba a mayar da shi. Gaɓar da ta kumbura ko ta karkace, kada a ja, kada a murza, a tallafe ta yadda take a tafi. Kuma ki hana ɗaga yaro ko fizgarsa ta hannu ɗaya, gwiwar hannun 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu tana saurin gocewa, sai ki ga yaro ya saki hannun ya ƙi amfani da shi.

Ki buɗe littafi guda na rahoto: rana, lokaci, me ya faru, wa ya gani, me aka yi, ƙarfe nawa aka kira iyaye. Wanda ya zo ɗaukar yaro ya karanta ya sa hannu. Ki rubuta har da raunin da yaro ya zo da shi daga gida, a gaban wanda ya kawo shi. Wannan kariya ce gare ki, kariya ce kuma ga yaron, domin tabo a jikin jaririn da bai fara rarrafe ba, ko a kunne, wuya da ciki, ko raunin da labarinsa bai yi daidai da shi ba, abu ne da ake kai wa hukumar kare yara, ba a bar shi a zuci ba. Bayan wata uku ki zauna ki karanta littafin daga farko. Za ki iya tarar da cewa kujera ɗaya ce ke kayar da su, ko kuma duk faɗuwar tana zuwa ne a lokacin da biyu daga cikinku suka tafi cin abinci.

Ku huɗu ne, yara 24. Ranar da ɗaya ya fara jijjiga, in duk kuka taru a kansa, 23 sun zama ba mai kallo, kuma haɗari na biyu a nan yake faruwa. Ku raba aikin tun yau: wa ke kan yaron, wa ke kan waya, wa ke kwashe sauran zuwa wani ɗaki, wa ke ɗauko takardar yaron mai ɗauke da lambobin waya biyu ko uku, da ciwon da yake da shi, da izinin kai shi asibiti in ba a sami iyaye ba. Ku san asibitin da za ku da motar da za ta kai ku. Abin da na rubuta kan shaƙewa da danna ƙirji ba zai zauna a hannunku ta karatu ba, sai kun je an koya muku a kan 'yar tsana, kuma dukanku, ba ke kaɗai ba, tunda ba kullum kike ɗakin ba. Bayan horon, wata rana da yara suka watse, ki ajiye 'yar tsana a ƙasa ba tare da kin sanar ba, ki ce ga shi ya shaƙe, ki danna agogo ki ga minti nawa za a yi kafin wata ta ɗauke shi daidai, wata kuma ta samo lambar uwarsa.